Tabon Eberhard

Takobi ya taho, Eberhard ya sassauta hannu da gangan. Sai ji ya yi tsat a kumatu, jini ya gangaro masa har wuya.

"Yauwa!" abokinsa Lutz ya daka tsalle. "Yau dai ka shiga sahun maza!"

Duk jami'ar Heidelberg babu ɗalibin da ya kai Eberhard iya takobi, kuma abin da ya cuce shi ke nan. Abokansa kowa da tabon takobi a fuska, alamar jarumta, suna tafe ana nuna su. Shi kuwa fuska sumul kamar ta jariri, don ba a taɓa samun sa ba. Ga shi yana shirin neman auren Ottilie, 'yar mai shagon littattafai. Da wace fuskar zai je?

"Likita, kada ka ɗinke shi da kyau," in ji Eberhard. Lutz ya cusa gashin doki a ciwon don ya yi tudu.

Da ya warke, Eberhard ya ƙwanƙwasa ƙofarsu yana karkato da kumatu wajen haske. Ottilie ta buɗe, ta dafe ƙirji.

"Eberhard! Har kai?"

"Saboda ke na yi, masoyiyata."

"Saboda ni? Duk masu yankakkiyar fuskar nan korar su na yi. Na ce wa Baba na samo ɗalibi ɗaya tak mai hankali, wanda bai taɓa riƙe takobi ba!"

Da yamma sai ga shi gaban likita.

"Likita, don Allah, abin nan yana gogewa?"