Ganyen da Ke Sahur

Ina 'yar shekara takwas a gonarmu ta Mai'adua, kakata ta tsinko min ganyen harshen saniya da safe. Tsami ya sa na yamutse fuska. Da la'asar ta sake ba ni daga tushe ɗaya, babu tsamin.

"Kaka, kin canza ganye!"

"Shi ne dai, jikalle. Da dare yake sahur, da rana ya rufe baki yana cin guzurinsa."

Na yi ta juya ganyen ina neman bakin, ban gani ba.

Yau ni ke koya wa ɗalibai cewa guzurin nan sinadarin malik ne mai tsami, har jikinmu na aiki da shi. Bakin ma na gani a na'urar duba ƙananan abubuwa. Amma ita Kaka da me ta duba?