Tiren Gyaɗa a Kan Katako

"In ta sake faɗowa, halas, shi ke nan, na cire ta daga gasar," in ji kociyar wasan alkafura, ta fice.

Mataimakiyarta ta dubi ɗalibar da ke kuka a gindin katakon nan mai faɗin tafin hannu da ake tafiya a kansa. Shekara tara mataimakiyar tana shimfiɗa katifu tana cafe 'yan matan kwalejin, ba a taɓa neman shawararta ba. Washegari ta zo da tsohon tire daga unguwarsu ta Nuzla, ta cika shi da gyaɗa, ta ɗora wa yarinyar a ka.

"Yalla, habibti, hau. Daina leƙen ƙafarki, ba guduwa za ta yi ba. Dubi nesa, kamar mai saye na kiranki."

Sati biyu gyaɗa na zubewa, ana dariya ana tsincewa. Ran gasa yarinyar ta taka katakon kai a miƙe, ta wulƙita, ta dira daram.

Kociya ta rungume mataimakiyar. "A wace makaranta kika koyo wannan?"

Mataimakiyar ta nuna taga. Ga mahaifiyarta can tana tsallaka titi, tiren talla a ka, hannu biyu a sake.