Tela da Ƙyauren Uwar Ɗaka

Tsaya in ba ka misali, tunda na ga kai ma hannunka ya fi idonka sauri. Wani tela ne, ƙyauren uwar ɗakarsa ya fara cijewa ana tsakiyar damina. A tura ya ƙi rufuwa, a ja ya ƙi buɗuwa, ga matarsa tana jego a ciki. Tela ya ce katako ne ya sha ruwa ya kumbura, wannan ai ba sai an je makaranta ba. Ya aro gizago ya sassaƙe kan ƙyauren. Kwana uku ya koma cijewa. Ya ƙara sassaƙa, yana zagin kafintan da ya yi shi har kakan kakansa. Sau huɗu fa. Ya rage wa ƙyauren nan yatsa uku cur, amma ko sau ɗaya bai tambayi kansa yaushe busasshen katako ya fara tsiro kamar gero ba.

Ran nan da hantsi, an gama sheƙa ruwa ke nan, matar ta kira shi daga ciki, wai ƙofa ta ƙi, kuma ƙasa na zubo mata a gado. Ya ja da baya zai sa ƙafa, sai maƙwabcinsa, wani tsohon magini, ya damƙe masa riga. Ya nuna masa azarar da ke bisa ƙofar. Ta lanƙwashe kamar baka, gara ta cinye cikinta, a sama kuma indararo ya toshe, ruwa ya kwanta kan soro. Tsohon ya ce, "Malam, ba ƙyauren ke tsawo ba, ɗakin ke saukowa. Ƙyauren kaɗai ke riƙe da shi yanzu. Ka doke shi, ka binne su."

Tela ya sauke ƙafarsa a hankali. Aka miƙo jaririn ta taga, amma tagar ba ta fi faifai ba, uwar ba ta da hanya. Ta maƙale a kusurwa tana salati ƙasa-ƙasa, shi kuwa yana waje rungume da ɗan, yana jin azara tana ƙas, ƙas, yana tsoron ko tari ya yi. Maginin da maƙwabta suka tumɓuke ginshiƙan rumfa biyu suka tokare azarar, sannan suka zare ƙyauren a hankali kamar masu cire ƙaya daga ido. Matar ta fito da rarrafe, kanta duk ƙasa. Kafin a kira azahar soron ya rufto a kan gadon da take kwana.

Mako uku mutumin nan yana faɗa da ƙyaure, bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Irin wannan ne Bahaushe ke ce wa, an bar jaki ana dukan taiki.