Inna Ta Ɗora Ruwa

Ina tsaye gaban masu jego a asibitinmu na Sabuwa, ina ta jaddada musu: kar a yi wa jariri wanka sai ya kwana ya yini, a goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, don sanyi na kisa. Sai ƙanwata Hamida ta kira.

"Yaya Mas'ud, matarka Suwaiba ta sauka, ɗiya ce 'yar mitsitsiya. Inna har ta ɗora ruwa."

Shekara shida ina yi wa iyayen mutane faɗa kan wannan, amma ban taɓa iya buɗe baki gaban tawa uwar ba. Na hau babur cikin ruwan sama, ina bitar abin da zan ce mata. Sau biyu na faɗi a taɓo kafin in isa ƙauyenmu.

Na banka ƙofar ɗakin, na yaye bargon da matata ta lulluɓa da shi, ina ihu, "Inna, kar a yi mata wanka!"

Jaririyar na kwance a ƙirjin uwarta, da hula da safa. Iskar da na shigo da ita ce ta sa ta tsala kuka.

Inna ta fizge bargon ta mayar. "Rufe mana ƙofa, likitan banza! Wa ke wankan jariri ran haihuwa? Tun bara ungozoma ta koya mana."

"To ruwan fa?"

"Na mai jego ne. Amma je ka fara. Ba mai taɓa min jika da wannan taɓon."