Birkin da Ya Riga Ni Zuwa Gareji

Ranar da ciwon suga ya sa aka yanke mini ƙafar dama, ɗana Zakari ya kawo mai sayen babur ɗina mai ƙafa uku har gadon asibiti. Lokacin ba a yi sadakar arba'in ta matata Raliya ba.

"Baba, birkinsa na ƙafa ne. Da me za ka taka? Inna ma kullum cewa take ka sayar."

Gaskiyarsa. Tun da na bar koyarwa na koma dakon goro a Zango take wannan mita.

Na ce, "Shi ƙafa uku, ni ɗaya. Jaki ma da huɗun yake ci da kansa."

Da na warke na sa aka tura babur ɗin garejin Iliya a unguwar Cissin. Na ce ya nemo birkin hannu ya ɗaura, kuma wa'azi ban zo saye ba, rayayyu da matattu duk sun yi mini.

Iliya ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin benci. Na gane zanen Raliya kafin ya kwance shi.

"Hajiya ce ta kawo tun kafin azumi, Malam. Likita ya gaya mata ƙafar ba za ta tsira ba. Ta ce ranar da ka shigo kana faɗa, in ɗaura maka."

Birkin hannu ne a ciki. Da ya ɗaura, na ja birkin, ya kama gam.

Raliya, ashe gardamar ma don ki riƙe ni a tsaye kike yi. Kin ci wannan.