Kofin da Sojojin Haya Suka Ciyo

Malam, tun da an ba ka riƙon wasannin makarantarku, zauna in ba ka wani misali kafin ka shiga fili. An yi wani malamin wasanni a wata makarantar sakandare ta ƙauye, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kai yara gasar shiyya, bai taɓa dawowa da kofin ƙwallon ƙafa ba. Ba rago ba ne. Shi ya sare sabarar da ta cinye filin, shi ya kafa turakun raga da itacen darbejiya, ƙwallo in ta fashe shi ke ɗinke ta da hannunsa. A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, Allah ya haɗa masa yaran da ya yi renonsu tun suna aji ɗaya. 'Yan matan ƙwallon raga suka cinye wasanninsu duka, suka ɗauko kofin shiyya. 'Yan tsere suka zo na biyu. 'Yan ƙwallon ƙafa kuwa suka ci wasa uku, suka yi canjaras ɗaya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda makarantar ba ta taɓa takawa ba. To, nan tsoro ya kama shi. Makarantar da za su kara da ita ita ce ke fitar da shi kusan kowace shekara, kuma ya san in wannan ta wuce ba shi da wata. Sai ya hau babur ya tafi cikin gari wajen mai horar da wani kulob, ya aro 'yan wasa shida, manya, wani tela, wani bakanike, wani har da iyali. Aka aske musu gemu, aka ba kowanne sunan wani ɗalibi ya haddace. Ranar wasa, a bayan aji, ya kira mai tsaron gidan ƙungiyarsa, yaron da ya shekara huɗu yana faɗuwa a kan tsakuwa har gwiwoyinsa suka yi kanta, ya ce ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa baƙo. Yaron ya dube shi ya ce, "Malam, me na yi?" Yaron ya tuɓe, ya ninke rigar, ya miƙa, sauran biyar ma suka yi haka. Suka zauna a benci suna jin 'yan kallo na kiran sunayensu, ana yi wa wasu tafi. Aka ci wannan wasa, aka ci na ƙarshe, aka zagaya gari da kofi a bayan akori-kura, ana kiɗa.

Wanda ya ci shiyya shi ke zuwa gasar jiha, bayan wata guda. Ana saura kwana biyu tafiya, mai horar da kulob ɗin ya aiko cewa yaransa suna da nasu wasan a wannan ranar, ba zai ba da ko ɗaya ba. Malamin ya je ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, mutumin ya ce ai aro ya ba shi, ba kyauta ba. Sai ya dawo neman nasa. Ashe tun ranar da aka tuɓe musu riga yaran nan shida ba su sake taka fili ba, shi kuwa murnar kofi ta hana shi lura. Mai tsaron gidan ya koma taya mahaifinsa aikin lambu da yamma. Malamin ya same shi a bakin rijiya yana ban ruwa, yaron ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce babansa ya ce karatu kawai zai yi. Uku daga cikinsu suka yarda suka bi shi don kunya, aka cike gurbi da 'yan ƙananan aji. A babban filin jiha aka zura musu ƙwallo takwas ba ko ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Alƙalin da ya busa wasan ƙarshe na shiyya yana wajen, ya duba takardar sunaye, ya dubi fuskoki, ya ga sunayen nan dai su ne, amma mutanen ba su ba ne. Aka yi bincike, aka soke sakamakon makarantar na kakar gaba ɗaya, aka hana ta shiga kowace gasa har shekara uku. Da motar hukuma ta zo karɓar kofi, ba na ƙwallon ƙafa kaɗai ta ɗauka ba, har da na 'yan matan nan da suka ci da guminsu, suna tsaye a baranda suna kallo ana fita da shi. Yawancinsu a ajin ƙarshe suke, ba su sake buga wa kowa wasa ba.

Malamin ya yi ritaya ba a yi masa taron sallama ba. Yana nan da rai, in ya hango tsofaffin ɗalibansa a kasuwa sai ya canza layi. Filin kuwa, wani ya shuka gyaɗa a rabinsa. Da ya bar yaransa sun buga, ko an cinye su, da sun tashi da sunansu, shi ma ya tafi da nasa. Ka riƙe wannan, Malam, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.