Rurin Ruwan Basam

A ƙauyenmu na ƙasar Keita, abin da ake fara koya wa yaro shi ne: in ka ji rurin ruwa a ƙorama, yar da abin da ke hannunka ka hau tudu. Ruwan duwatsun Adar ba ya sallama. Ya taɓa tafiya da ƙanwar innata, ita da tulunta.

Ina 'yar shekara bakwai babana, mai cin rani a Abijan, ya kai ni garin Basam da ke kusa da can in ga tsoffin gidajen Nasara na bakin teku. Muna tafe da la'asar tsakanin gine-ginen da suka tsattsage, sai na ji rurin nan. Na fizge hannuna na ruga. Garin babu tudu ko ɗaya, sai na afka wani kangon bene, na haye matakalar katako tana ɓarɓashewa ƙarƙashin ƙafata. Daga sama na hango ruwa ba iyaka, yana tasowa fari fat.

"Baba, hawo! Ruwa ya taho!"

Ya tsaya ƙasa, hannuwa a buɗe. "Ɗiyata, kak ki motsa, iccen ga ya ruɓe. Wanga ruwa ba irin namu ba na, zuwa shikai shi koma."

Na ƙi yarda. Ya hawo da rarrafe, katako na kuka, ya goyo ni muka sauko.

Har yau in ruwa ya yi ruri, ƙafata ke fara ji, kuma ban ga laifinta ba. Namu ruwan ba ya mayar da abin da ya ɗauka.